Shin busasshiyar alfalfa za ta tayar da maruƙan da suka rame da rani?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da maruƙa biyar farare, uku maza biyu mata, masu wata bakwai zuwa goma da haihuwa, kuma duk an yaye su. Tun da kalar gonaki ta ƙare, karan dawa da 'yar dusa nake ba su, harawar waken da na ajiye kuma ta kusa ƙarewa. Sun fara ramewa, gashinsu ya tashi. Wani ya kawo mana tallar busasshiyar ciyawar da ake kira alfalfa, ya ce ta fi harawa da ƙuli-ƙuli gina jiki. Shin in saya? Nawa zan riƙa ba kowanne? Na kuma ji an ce tana kumbura ciki. Ina da 'yar fadama da injin ban ruwa, ko zan iya noma ta da kaina?" Daga wani mai kiwo a yankin Taura, Jihar Jigawa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Allah ya sanya albarka a dukiyar, Malam, ya kuma fitar da mu wannan rani lafiya. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa huɗu kake son sani: ko alfalfa ta cancanci kuɗin da za ka zuba mata, awon da ya dace da maruƙan da aka yaye, gaskiyar maganar kumburin ciki, da kuma ko za ta yi a fadamarka. Amsar a dunƙule ita ce alfalfa ciyawa ce ta ƙwarai, kuma kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana zai yi wa kowane maraƙi amfanin da za ka gani da idonka, amma mahaɗi ce da ake ɗorawa a kan kara da dusa, kuma ba za ta cancanci saye ba sai an gwada farashinta da na harawar da ke kasuwar garinku. Mai tallar ya faɗi gaskiya a rabin maganarsa, domin alfalfa mai kyau takan ɗara harawa, amma ba ta ko kusa da ƙuli-ƙuli wajen furotin, wato sinadarin da ke gina jiki.

Dalilin ramar, alhali ga kara a gabansu

Sai an gane yadda tumbin saniya ke aiki kafin sauran bayanin ya zauna. Saniya ba ita ce ke narkar da kara da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗimbin yawa, su ne ke cin ƙarfin karan su mayar da shi abin da jiki zai amfana da shi, daga baya kuma su kansu su gangara cikin hanji a narkar da su su zama furotin ga dabbar. Waɗannan halittu suna buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kimanin kashi 7 cikin 100 kafin su hayayyafa su yi aikinsu. Karan dawa da na gero da suka bushe a gona, rana ta doke su tun kaka, galibi kashi 3 zuwa 5 suke ɗauke da shi, haka ma busasshiyar ciyawar daji a watan Fabrairu da Maris. Idan abin da ke shiga tumbi ke nan, aikin narkarwa sai ya yi sanyi, karan ya daɗe a ciki bai wuce ba, dabbar ta ji cikinta cike ta rage ci. Shi ya sa za ka ga maraƙi da ƙaton ciki amma ana ƙirga haƙarƙarinsa, kashinsa kuma ya fito da tauri, a bushe, kamar an dunƙula.

Babbar saniya takan jure wannan, ta ci kitsen da ta tara da damina har ruwa ya sauka. Maraƙin da aka yaye ba shi da wannan ajiya, ga shi a lokacin da ƙashi da tsoka suke ginuwa, kuma nonon da ke cike masa giɓi ya yanke. Buƙatarsa ta furotin ta kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100 na dukan abin da yake ci. Wanda ya tsumbure a raninsa na farko yakan farfaɗo da damina, amma da wuya ya kamo sa'o'insa, kuma a kan karsana aka fi ganin asarar, domin nauyin jiki ne ke kai ta ga neman bijimi fiye da yawan watanni. Karsanar da ta sha wuya a rani biyu na farko tana iya makara da shekara guda ko fiye kafin haihuwar fari. A ganina matan nan biyu su ne ya kamata ka fi sa wa ido, ko da yake hankalin mai kiwo ya fi tafiya kan mazan da zai kai kasuwar dabbobi ta Maigatari ran Alhamis.

To a nan ne amfanin ciyawa irin alfalfa yake. Idan ka ba da kaɗan daga cikinta, ba furotin ɗin da ke jikinta kaɗai maraƙin zai samu ba. Halittun tumbi za su farfaɗo, karan da da yake zaune a ciki ya fara narkewa, maraƙin ya ƙara cin karan da a da yake tsinta yana bari. Wannan shi ne ainihin aikin da harawa take yi tun zamanin kakanninmu, ko da ba su kira shi da sunan furotin ba.

Alfalfa da danginta na gida

Alfalfa 'yar dangin wake da gyaɗa ce, wato tsiron da ke tara taki a saiwarsa daga iska. Asalinta daga yankin Iran da ƙasashen da ke kewaye da ita ne, kuma an daɗe ƙwarai ana noma ta domin dawaki. A Sudan da Masar ana ce mata barsim hijazi, masu jin Faransanci a Nijar kuma suna ce mata luzan. Bambancinta da wake shi ne tana shekaru a gona ana yanka tana tofowa, kuma ana yanke ta tana ɗanya shar musamman domin dabba, alhali harawa abin da ya rage ne bayan tsiron ya gama zuba ƙarfinsa a 'ya'ya.

Busasshiyar alfalfar da aka yanka a daidai lokacin da ta fara fure, aka kuma shanya ta ganyenta bai zube ba, tana da furotin kashi 17 zuwa 20 cikin 100. Wadda aka bari ta tsufa ta yi kara takan sauko zuwa 14 ko ƙasa da haka. Harawar wake mai ganye tana tsakanin 13 da 16, ta gyaɗa kuma ba ta yi nisa da haka ba. Ka ga ke nan tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, kuma harawar wake mai kyau ta fi tsohuwar alfalfar da ganyenta ya kakkaɓe. Shi kuwa ƙuli-ƙuli na gaske, wanda ba a cakuɗa shi da wani abu ba, yana kaiwa kashi 45, don haka kilo ɗaya nasa daidai yake da kilo biyu da rabi na alfalfa mai kyau a fannin furotin. Inda alfalfa ta fi shi shi ne ita ciyawa ce, tana sa tuƙa, tana gyara tumbi, tana ɗauke da sinadarin ƙashi mai yawa, kuma koren ganyenta yana ba da bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi da hawayen ido ga dabbobin da suka yi watanni ba su ga ɗanyen haki ba.

Awon da zan ba ka shawara a kai

Farin maraƙi mai wata bakwai zuwa goma a irin kiwonmu yakan kai kilo 90 zuwa 130, gwargwadon yadda ya sha nono. Bari mu ɗauki mai kilo 120. Irin wannan yana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 3 a rana. Da a ce duk kilo ukun kara ne mai kashi 4, furotin ɗin da zai samu giram 120 ne kacal, alhali yana buƙatar giram 360 zuwa 400 idan ana son ya ci gaba da girma. Yanzu sai mu sauya lissafin. Kilo ɗaya da rabi na alfalfa mai kashi 18 zai ba shi giram 270, kilo ɗaya na kara ya ba shi 40, rabin kilo na dusar alkama mai kashi 16 ya ba shi 80. Jimla giram 390 ke nan a cikin kilo 3, wato kashi 13 cikin 100, daidai inda ake so.

Idan aljihu bai kai nan ba, ka sauko da alfalfar zuwa kilo ɗaya, kara ya zama kilo ɗaya da rabi, dusa ta tsaya a rabin kilo. Wannan zai ba da giram 320, wanda zai tsayar da ramar ya kuma kawo ɗan ƙari. Idan ka daka ƙuli-ƙuli giram 200 ka barbaɗa a dusar, ka ƙara giram 90, jimla ta zama 410, ka koma daidai inda ake so. Ga maruƙa biyar, kilo ɗaya-ɗaya a rana na nufin kilo 150 a wata, kuma daga Fabrairu ko Maris zuwa lokacin da sabuwar ciyawa za ta kama baki a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli kana maganar wata huɗu ko fiye. Ka yi wannan lissafi tun kafin ka saya, domin ya fi kyau a ba da kilo ɗaya kullum har damina da a ba da kilo biyu na wata guda sannan a yanke.

Kada ka janye dusar don ka samu alfalfa. Dalili na farko shi ne furotin kaɗai ba ya gina jiki sai da abin da ke ba da ƙarfi, kuma alfalfa matsakaiciya ce a wannan fanni. Idan ƙarfin ya gaza, jiki zai ƙona furotin ɗin mai tsada a madadinsa, ragowar ta fita a fitsari. Dalili na biyu ya shafi sinadaran ƙashi guda biyu, kalsiyam da fosfaras. Alfalfa tana da kalsiyam ninki biyar ko fiye na fosfaras ɗinta, ita kuma dusa akasin haka take, fosfaras ya yi mata yawa kalsiyam ya yi kaɗan. Ƙashin maraƙi yana son su a kimanin kalsiyam biyu, fosfaras ɗaya. Duk mai kiwon turke ya san yadda ragon da aka cika wa dusa zalla yakan kamu da tsakuwar mafitsara, fitsari ya tsaya masa, kuma hakan na faruwa ga 'yan bijimai, musamman waɗanda aka dandaƙe. Haɗa dusa da alfalfa ko harawa yana rage wannan haɗari, domin kowacce tana cike giɓin 'yar'uwarta.

Wajen bayarwa kuwa, ka fara da kamar giram 300 a rana, ka riƙa ƙarawa har ka kai cikakken awo cikin kwana bakwai zuwa goma, saboda halittun tumbi suna buƙatar lokaci kafin su saba da sabon abinci. Idan kashi ya yi ruwa sosai, ka koma awon jiya ka tsaya a nan kwana biyu. Ka raba awon gida biyu, safe da yamma, ka zuba a komi ko rabin ganga, domin ganyen alfalfa yana marmashewa kuma abin da ya faɗi a ƙasa turɓaya ta cinye shi. Ni abin da nake yi shi ne in sassare kara gajeru-gajeru, in yayyafa masa ruwan gishiri kaɗan, in cakuɗa da alfalfar, yadda ba za su tsince mai daɗin su bar karan ba. Ka kuma ɗaure kowanne a turkensa lokacin ci. Idan ka zuba musu a wuri guda, mai wata goma zai ture mai wata bakwai, sai wanda ya fi buƙata ya zama shi ne ya fi samun kaɗan. Ka nemi ƙaramin sikelin rataye ka auna sau ɗaya, ka ga iya inda kilo ɗaya ya cika wani kwando, daga nan kwandon ya zama ma'auninka.

Akwai masu ba manyan shanu irin wannan mahaɗi sau uku a mako maimakon kullum, kuma yana yi, domin jikin saniya yana mayar da wani ɓangare na sinadarin furotin ɗin zuwa cikin tumbi ta hanyar yawu. Ga maruƙa na fi son kullum. Haka nan kada wani ya ba ka shawarar zuba musu takin yuriya a abinci don a rage kuɗi. Dabara ce da ake yi wa manyan shanu da awo na ƙa'ida, kuskure kaɗan a cikinta yana kashe dabba cikin sa'a guda, kuma ba ta dace da masu wannan shekaru a hannun wanda bai saba ba.

Kafin ka miƙa kuɗi

Kusan kashi biyu cikin uku na furotin ɗin alfalfa a ganye yake, don haka ganye kake saye. Kada ka yarda da ganin bayan dami. Ka sa a kwance ɗaya, wanda kai ka zaɓa, ka tura hannu tsakiyarsa. Bayan dami yana iya yin fari saboda rana, wannan ba komai ba ne, amma cikinsa ya kamata ya kasance kore, ganye manne da siraran rassa masu laushi, da ƙamshi mai daɗi. Idan ka ga rassa masu kauri kamar tsinken tsintsiya, ko 'ya'ya sun fito a jiki, an makara wajen yanka. Idan ka ji ɗumi a ciki, ko warin ruɓa, ko ka girgiza farar ƙura ta tashi, ko ka ga ya yi baƙi-baƙi ya dunƙule, an ɗaure shi da danshi ya yi fumfuna, kuma ko kyauta aka ba ka kada ka kai wa maruƙa. Na taɓa karɓar wasu dammuna a hannun wani mai sayarwa da yamma ban buɗe ba, na dogara da kyan bayansu, washegari na tarar da tsakiyar kusan rabinsu ta ruɓe, ƙarshenta a ramin taki suka ƙare. Tun daga ranar ba na sayen ciyawa sai da rana tsaka, kuma sai na kwance.

Sai maganar farashi. Dami da dami ba sa gwaduwa, sai an ɗora a sikeli. Ka auna damin alfalfar, ka auna damin harawa na kasuwarku, ka fitar da kuɗin kilo ɗaya na kowanne. Tun da alfalfa mai kyau tana da kashi 18 harawa mai kyau kuma kimanin 14, fifikon alfalfa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ma'ana, idan kilon harawa naira 300 ne a misali, alfalfa ta cancanci saye har zuwa kusan naira 400, abin da ya haura haka kuwa suna kake saye. Haka za ka yi da ƙuli-ƙuli: idan kilonsa bai kai kuɗin kilo biyu da rabi na alfalfa ba, shi ne furotin mafi araha, sai ka saye shi ka haɗa da ragowar harawarka. Ka sa kuɗin mota a lissafin. A lura kuma da cewa harawa tana da araha da kaka, tana tsada da bazara, don haka amsar da lissafin zai ba ka a Nuwamba daban take da wadda zai ba ka a Afrilu. Kada kuma ka manta da kowar wake da 'ya'yan gawo idan kana samunsu, domin duk suna rage maka abin da za ka saya.

Inda za ka ajiye ta ma yana da muhimmanci. Harawa mukan jibge ta a kan rumfa ko a reshen bishiya, rana da iska suna dukanta har ta ƙare. Alfalfar da ka biya da tsada ka sa ta a ɗaki ko ƙarƙashin inuwa, a kan itace ko duwatsu saboda gara da danshi, domin rana tana cinye koren da bitamin ɗin yake ciki.

Maganar kumburin ciki

Abin da ka ji gaskiya ne, amma ya fi shafar ɗanyar alfalfa. Ƙaramin ganyenta mai laushi yana narkewa da sauri ƙwarai a tumbi, ya haifar da kumfa mai yauƙi wadda ke riƙe iska ta hana dabbar yin gyatsa. Cikin ya cika ta gefen hagu, a kwiɓi, ya yi tauri kamar ganga, numfashi ya yi wuya, kuma dabba tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Na ga haka da idona a wata gonar noman rani a yankin Kadawa, inda wani ɗan bijimi ya kwance da asuba cikin yunwa ya faɗa fegin alfalfa da raɓa a jikinta, kafin a ankara ya kumbura. An samu an cece shi, amma da ƙyar. Busasshiya kuwa, a awon da na faɗa, haɗe da kara, haɗarinta kaɗan ne. Inda za a kiyaye shi ne kada a bar maraƙi mai jin yunwa ya samu buhun marmashin ganye zalla ya ci son ransa, kuma a fara ba shi kara kafin alfalfar a kwanakin farko.

Idan hakan ta faru, Allah ya kiyaye, ka janye abincin nan take, ka tsayar da shi gabansa ya fi bayansa tudu, ka ɗura masa man gyaɗa kimanin rabin kofi zuwa kofi guda, a hankali ta gefen baki, ba tare da ka ɗaga kansa sama sosai ko ka riƙe harshensa ba, don kada man ya bi ta huhu. Man yana fasa kumfar. Ka riƙa zagayawa da shi, ka kuma aika a kira malamin dabbobi tun a lokacin. Huda ciki aikin wanda ya iya ne.

Abu biyu da za su iya ɓata maka kuɗi

Maraƙin da tsutsar ciki ta cika ba zai nuna amfanin kowane irin abinci ba. Tashin gashi da ramar da ka ambata suna iya zama yunwa, suna iya zama tsutsa, galibi ma duka biyun ne. Tun da kana kusa da fadama, akwai kuma tsutsar hanta da dabba ke ɗauka a wuraren da ruwa ke kwanciya. Ka duba cikin fatar idonsu, idan ta yi fari maimakon ja, ko ka ga kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa, alama ce mai ƙarfi. Kafin ka fara alfalfar ka sa malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsa gwargwadon nauyin kowanne, ya kuma duba kaska. Na biyu shi ne ruwa. Abinci mai furotin yana ƙara ƙishirwa, kuma a zafin Afrilu maraƙi irin naka yana iya shan lita 15 zuwa 20 a rana. Wanda ake shayarwa sau ɗaya a yini zai rage ci komai kyan abincin. Ka ajiye musu gishirin lasa a inda za su kai gare shi.

Noma ta a fadamarka

Za ta yi, amma da sharuɗɗa, kuma na farkonsu ƙasa ce. Alfalfa tana da doguwar saiwa mai nutsawa ƙasa sosai, kuma ba ta jure kwanciyar ruwa ko na 'yan kwanaki. Fadamar da ke cika da damina, irin wadda ake shinkafa a cikinta, za ta kashe ta a watan Agusta. Wurin da ya dace shi ne gefen tudu mai ƙasa mai zurfi wadda ruwa ke tsanewa, marar tsami, inda bututun injinka zai kai. Ana shuka ta da sanyi, daga Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da ake shuka alkama. Irin ƙanana ne ƙwarai, kilo 15 zuwa 20 ya ishi hekta guda, kuma ba a binne shi fiye da kaurin yatsa. Ka nemi irin ƙasashe masu zafi, wanda ba ya barci da sanyi, kamar hijazi na Sudan ko wanda ake kira CUF 101, domin irin ƙasashen ƙanƙara ba zai ba ka abin kirki ba. Ƙwayoyin da ke sa saiwarta ta tara taki daban suke da na wake da gyaɗa, don haka a ƙasar da ba a taɓa shuka ta ba sai an cakuɗa irin da garin ƙwayoyinta kafin shuka. Tana son takin fosfet, kuma a makonni shida na farko ciyawa tana iya danne ta idan ba a yi cira ba.

Yankan fari yakan zo bayan wata biyu zuwa biyu da rabi, daga nan kuma kusan kowane wata, da zarar ka ga fure ya fara buɗewa jefi-jefi. Ka bar kututture kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Iskar hunturu tana busar da ita cikin kwana biyu ko uku, kuma a nan ne ake asarar ganye, don haka a juya ta a kuma kwashe ta da sassafe tana da ɗan laushi.

Babban abin lissafi shi ne ruwa. Alfalfa tana cikin amfanin gona mafi shan ruwa, tun da shekara take yi tana tofo. Saudiyya ta daɗe tana noma ta da ruwan ƙarƙashin ƙasa, har ta kai ga hana manyan gonaki noman ɗanyar ciyawa daga ƙarshen 2018 saboda ruwan yana ƙarewa, ta koma sayowa daga waje. A wurinka wannan na nufin kuɗin man inji a Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da za ta nemi ban ruwa kusan kowane mako, ga kuma tumatir ko albasar da wannan fegi zai iya ba ka. Shawarata ita ce ka gwada a 'yan fegi kaɗan a bana idan Allah ya kai mu sanyi, ka rubuta abin da ka kashe da nauyin abin da ka yanka, ka kuma ga yadda za ta fita daga damina, domin zafi da laima suna kawo mata cututtukan ganye kuma takan yi sirara bayan ruwa. A gefe guda ka ƙara yawan wake mai yaɗo da ke ba da 'ya'ya da harawa tare, irin waɗanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta daɗe tana aiki a kansu, ko ka gwada waken lablab da damina, wanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana yaɗawa. Waɗannan ruwan sama ne ke shayar da su, kuma idan ka yanke harawar da sauran kore a jikinta ka adana ta a inuwa, za ka samu abin da ya kusa alfalfa ba tare da ka sayi lita ɗaya ta mai ba.

Duk alƙaluman da na kawo matsakaita ne, kuma ciyawar da ke hannun mai tallarka tana iya fin haka ko ta gaza, ni kuma ban ga maruƙanka ba balle in san nauyinsu na haƙiƙa. Abin da zai raba gardama shi ne awo. Ka samu tef irin na tela, ka zagaya ƙirjin kowane maraƙi daf da bayan ƙafafun gaba, da safe kafin su ci, ka rubuta, sannan ka maimaita duk bayan mako biyu. A mako biyun farko da wuya ka ga sauyi a tef, sai dai kashi zai yi laushi kuma za su ƙara cin kara. Zuwa mako na huɗu ko na shida ya kamata gashi ya kwanta, ƙirji ya fara ƙaruwa. Wanda ya ci cikakken awo na wata ɗaya da rabi, an kuma ba shi maganin tsutsa, amma tef ɗinsa bai motsa ba, matsalarsa ta wuce abinci, sai a kai shi asibitin dabbobi a duba jininsa da kashinsa.